Kwana shida ruwan nonon ƙanwata bai zo ba, ashe guntun mabiyiya ne ya saura

Ƙanwata ce ta yi haihuwar fari, ni na zauna da ita tun daga naƙuda har ta yi wajen sati uku, kuma abin da muka gani a kwanakin nan shi ya sa na ce bari dai in zauna in rubuta shi dalla-dalla, don ni mai 'ya'ya uku ce, ina ganin ba abin da za a gaya min game da shayarwa, amma wallahi sai da jaririyar da ta haifa ta kusa galabaita a hannuna kafin in gane ban san yadda jiki yake fara yin ruwan nonon ba ma. Na san yana zuwa, shi ke nan. Ban san me yake kawo shi ba, balle in san me zai iya hana shi.

Bari in fara daga baya kaɗan. Cikinta yana wata biyar ta kira ni a waya da dare muryarta a tsorace, ta ce "Yaya, wani abu nake gani rawaya-rawaya ya bushe a kan nonona, idan na matsa sai ɗan ɗigo ya fito mai danƙo, anya ba ciwo ba ne?" Na ce mata ba komai, ni ma na gani a cikina na biyu, ta bar matsawa kawai ta faɗa wa nas ranar awo. Na ajiye waya na manta da maganar. Ashe wannan ɗan ɗigon shi ne farkon labarin gaba ɗaya, don ruwan nono ba ranar haihuwa jiki yake fara shi ba kamar yadda yawancinmu muka ɗauka, tun wajen sati na 16 na ciki, tsakiyar goyon ciki ke nan, ƙwayoyin da ke cikin nono suke fara haɗa dakashi. Shirin ma ya riga haka farawa, wannan ciwon nono da nauyin da mace take ji tun watan farko kafin ma ta tabbatar tana da ciki, da baƙin da ke zagaye da kan nono da yake ƙara duhu da faɗi, da 'yan ƙurajen nan da suke tasowa a kansa, da jijiyoyin da suke fitowa raɗau a fata, duk gini ne ake yi a ciki. Sinadarin istirojin yana miƙa hanyoyin da ruwan zai bi suna yin rassa, furojestaron yana gina 'yan jakunkuna ƙanana a ƙarshen rassan inda za a riƙa haɗa ruwan, shi kuma furolaktin, wanda shi ne ainihin mai ba da umarnin a yi nono, yana fitowa daga wani ɗan ƙullutu da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa da ake kira fitiyutari, kuma kafin ƙarshen ciki yawansa a jini yakan ninka sau goma ko fi. Wata za ta ga ɗigon tun da ciki kamar ƙanwata, wata ba za ta ga komai ba har ta haihu, kuma rashin ganin ba ya nufin babu.

To tunda furolaktin ya yi yawa haka tun da ciki, me ya hana nonon kwararowa tun lokacin? Nan ne wurin da ban taɓa sani ba. Mabiyiya ce. Ita ce take zuba furojestaron mai yawa a jini duk tsawon cikin, shi kuma furojestaron bayan ginin da yake yi, yana tare furolaktin ɗin ya hana shi cikakken aiki, kamar madatsa ce aka yi wa ruwa, ɗan kaɗan ne yake tsiyayowa. Ranar da mabiyiya ta faɗo, madatsar ta tafi, furojestaron ya yi ƙasa warwas cikin 'yan kwanaki, furolaktin ya samu fili. A riƙe wannan, don a kansa komai ya rataya.

Naƙudarta ta yi tsawo, tun asuba har tsakar dare, ta haihu da kanta, mace, kilo 3.2. Mabiyiyar ta ɗan yi gardama kafin ta fito amma ta fito, aka yi mata allurar nan ta cinya, aka ɗora mata jaririyar a ƙirji ba riga, kuma cikin awa ɗaya ta kama nono ta tsotsa, daidai da shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF ta a sa jariri a nono cikin awa ta farko. Washegari aka sallame mu, kowa yana murna.

Kwana na ɗaya da na biyu ba abin da ya ɗaga min hankali. Ita dai ƙanwar tawa tana ta cewa "Yaya ba komai fa a ciki, dubi, ɗigo biyu kawai", ni kuma ina ce mata haka yake, kuma a nan kam gaskiya na faɗa. Dakashi dama ba yawa gare shi ba, a ranar farko abin da jariri yake samu a shan nono ɗaya bai wuce mililita 2 zuwa 10 ba, wato daga abin da bai kai rabin ƙaramin cokali ba zuwa cokali biyu, rana ta biyu ya ɗan ƙaru zuwa 5 ko 15, kuma jaririn da aka haifa lafiya a kan lokaci wannan ya ishe shi, yana koyon tsotsa da haɗiya da numfashi ne a tare, da ruwan ya zo masa da yawa tun farko ai sai ya ƙware. Ga shi ɗan kaɗan ɗin nan cike yake da garkuwar jiki da ke shafe hanjin yaro ta tare ƙwayoyin cuta, ga fararen ƙwayoyin jini masu rai, ga bitamin A, kuma shi yake taimakawa baƙin kashin nan na farko mai kama da kwalta ya fita, fitarsa kuwa tana rage haɗarin shawara. Na ga lokacin da ta tatso ɗigo uku a cokali, kauri kamar zai tsaya a tsaye, rawaya jawur, ta kai bakin yarinyar ta lashe tana motsa leɓe. Duk sanda yarinyar ta kama nono kuma sai uwar ta dafe mara ta ce tana murɗa mata, wannan aikin oksitosin ne, sinadarin da yake matse 'yan jakunkunan nan ya turo ruwan waje, shi ne kuma yake matse mahaifa ta koma, kuma shi ne dai a cikin allurar da aka yi mata a cinya.

Kwana na uku na fara jiran abin da na saba. Ni a haihuwata duka uku, daren kwana na uku nake farkawa in ji ƙirjina ya yi nauyi ya yi zafi ya cika tam kamar an ɗora min duwatsu, riga ta jiƙe. Yawancin mata haka ne, tsakanin kwana 2 zuwa 4, kodayake a cikin jiki canjin ya riga ya fara tun awa 30 zuwa 40 bayan faɗowar mabiyiya kafin uwa ta ji komai. Abin da ke faruwa shi ne 'yan ƙofofin da ke tsakanin ƙwayoyin nonon suna rufewa, gishirin da ke cikin ruwan ya ragu, sikarin nono ya ƙaru, sikarin kuma ya jawo ruwa, shi ya sa launin yake tashi daga rawaya ya koma fari, kaurin ya tsinke, yawan ya yi tsalle, har zuwa kwana na biyar mace tana iya kai kusan rabin lita a yini. Kuma wannan matakin ba tsotson jariri ne yake kunna shi ba, sinadaran jiki ne, shi ya sa matar da ta rasa jaririnta, Allah Ya jiƙan rai, ita ma nonon yake cika mata a kwana na uku, har wadda cikinta ya zube bayan ya wuce wata huɗu tana iya ganin haka, abin da ya kamata a riƙa gaya wa mata tun kafin su bar asibiti don kada ya zo musu a ba-zata a kan baƙin cikin da suke ciki.

Ƙanwata kuwa shiru. Nonon laushi kamar jiya, ɗigon nan dai mai rawaya. Na ce haihuwar fari ce, kuma kin sha wahalar naƙuda, yakan yi jinkiri, mu ƙara kwana ɗaya. Ba ƙarya na yi ba, duka biyun suna cikin abubuwan da ke jinkirta shi. Kwana na huɗu yarinya ta wuni tana kuka, ta kama nono ta saki ta kama ta saki, masu zuwa barka kowa da abin da yake cewa a ci ko a sha, wata ta ce ai nonon ne ƙanana shi ya sa, na ji haushin maganar nan sosai don na ga yadda idon ƙanwata ya ciko. Girman nono yawancinsa kitse ne, ba shi yake nuna yawan ruwan da mace za ta yi ba. Ta ci ta sha duk abin da aka miƙo mata har tana cewa cikinta zai fashe, ba abin da ya canza. Kwana na biyar na lura famfas biyu kawai muka canza masu ɗan jiƙa, kuma a ɗaya akwai wani ɗan tabo ja-ja kamar garin jan bulo, kashin ma har yanzu duhu ne bai koma rawaya ba. Nan ne kuskurena yake, ya kamata a ce a ranar muka tafi asibiti. Na ce mu ga safiya.

Safiyar kwana na shida kukan ya daina, kuma dainawar ce ta tsorata ni. Barci kawai take, sai an tashe ta da ƙyar, ta tsotsa sau uku ta koma, leɓenta a bushe, farin idonta ya ɗan yi rawaya, na shafa maɗigarta na ji kamar ta ɗan loɓa. Na ce wa mijinta ya tashi mu tafi yanzu-yanzu.

Aka ɗora ta a sikeli, kilo 2.8. Nas ɗin, wata babbar mace mai natsuwa, ta ce ko wane jariri yana ragewa a kwanakin farko, kashi 7 cikin 100 ba abin damuwa ba ne, in ya kai 10 dole a tsaya a duba, ita kuwa wannan ta wuce 12. Ta sa ƙanwata ta shayar a gabanta ta duba kamun bakin, ta ce kamun ba laifi, ta duba ƙarƙashin harshen yarinyar ba a ɗaure yake ba, ta taɓa nonon, ta tatsa, ta kalli abin da ya fito ta ce wannan har yanzu dakashi ne. Ta tambaya ko nonon ya ƙara girma da tana da ciki, ƙanwata ta ce ƙwarai har ta canza rigar nono sau biyu, na tuna mata da ɗigon nan na wata biyar, nas ta ce to madalla, ginin yana nan ke nan, abin da za mu nema shi ne me ya riƙe shi. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya, ciwon suga babu, matsalar maƙoƙo babu, ba tiyata aka yi mata ba, ba ta da ƙiba sosai, ba bakwaini ba ce, ba ta fara shan maganin tazarar haihuwa ba. Sai ta ɗago ta ce "Mai jego, yaya jinin biƙi, ya fara sauƙi?"

Ƙanwata ta kalle ni ta sunkuyar da kai ta ce "Sista, bai ragu ba, ja ne sosai har yanzu, jiya ma guda-guda ya fito, kuma tun daren jiya nake jin zazzaɓi-zazzaɓi." Ni da nake kwana ɗaki ɗaya da ita ban sani ba. Na ce "Haba ƙanwata, me ya sa ba ki gaya min ba?" ta ce "Yaya ai na ɗauka haka ake yi, kuma hankalinmu duk yana kan yarinya." Ban taɓa kawowa a raina cewa jinin da ke zuba a ƙasa da nonon da ya ƙi zuwa a sama magana ɗaya ba ce.

Nas ta danna mararta ta ce mahaifar ba ta koma yadda ya kamata a kwana shida ba, ta kira likita, aka yi sikanin, aka ga wani ɗan abu manne a bangon mahaifa. Guntun mabiyiya. Likitan ya yi mana bayani a tsaye, ya ce ko an duba mabiyiya bayan ta fito wani lokacin ɗan yanki yakan ɓalle ya saura ba a gane ba, kuma muddin yana manne yana samun jini, zai iya ci gaba da fitar da furojestaron, jiki kuma ya riƙa ɗauka kamar har yanzu akwai ciki, sai ya tsaya a matakin dakashi ya ƙi wucewa. Ya kuma tambaye ni ko ta zubar da jini mai yawa sosai a wurin haihuwar har ta suma ko aka ƙara mata jini, na ce a'a. Daga baya na gane dalilin tambayar, wannan ƙullutun fitiyutari yana ƙara girma lokacin ciki, idan mace ta yi mummunan zubar jini har hawan jininta ya faɗi ƙasa sosai, yana iya rasa jinin da zai rayar da shi ya lalace, furolaktin ya ƙi fitowa, kuma rashin zuwan nono shi ne sau da yawa alamar farko. Wani likita ɗan Ingila, Harold Sheehan, shi ya bayyana ciwon a 1937 har ake kiransa da sunansa. Alhamdulillahi ba shi ba ne namu, don wancan magani ne na tsawon rai.

Abu biyu aka kama a lokaci ɗaya. Na farko yarinya, likita ya ce ba za a jira nono ba, yau za ta ci, aka auna shawarar aka ce ba ta kai a sa ta a fitilar maganin shawara ba amma za a sake dubawa, aka rubuta mana adadin madarar jarirai da za a ba ta, da ɗan kofi ba da bulumboti ba. Ƙanwata ta fashe da kuka ta ce ita ta ci burin nono zalla har wata shida, nas ta dafa ta ta ce wannan madarar magani ce na 'yan kwanaki, kuma ba za a cire ta daga nono ba ko sau ɗaya. Tsarin da ta ba mu shi ne, duk awa biyu zuwa uku a tashe ta a sa ta a nono duka ɓangarorin biyu, sau 8 zuwa 12 a yini da dare, bayan nan uwar ta tatsa da hannu a ba ta abin da ya fito ko ɗigo nawa ne, sannan a cika da madara. Ta ja kunnenmu a kan na dare musamman, ta ce furolaktin ya fi hawa da dare. Na tambaye ta, tunda kin ce sinadari ne yake kunna shi ba tsotso ba, wahalar tatsar nan ta mece ce? Ta ce kunnawar ce ta sinadari, amma riƙewar ta cirewa ce, bayan 'yan kwanakin farko nono da kansa yake auna abin da zai yi, in ana kwashewa ya ƙara, in aka bar shi a cike ya rage har ya ƙafe, to in muka bar nata kwance sati guda ba a taɓawa, ranar da hanya ta buɗe za mu tarar ya fara ja da baya.

Na biyu uwar. Aka fara mata maganin kashe ƙwayoyin cuta saboda zazzaɓin, washegari kwana na bakwai aka yi mata wankin ciki, bai daɗe ba aka fito da ita. Likita ya ce abin da aka ciro bai fi kan babban yatsa ba.

Kwana na takwas jinin ya yi sauƙi ƙwarai, nono kuwa shiru, sai dai da yamma da ta tatsa na ga kamar rawayar ta ɗan yi haske, ban ce komai ba don kada in sa mata rai. Mun sha wahala a daren nan, ita tana shayarwa tana gyangyaɗi, ni ina riƙe da kofi ina ɗan karkata shi a leɓen yarinyar tana lasa kaɗan-kaɗan, in mun gama mu wanke kaya mu kwanta, kafin ido ya rufu lokaci ya sake yi. Wajen ƙarfe uku na daren kwana na tara ta girgiza ni ta ce "Yaya tashi ki taɓa." Na kai hannu, zafi, tauri, jijiyoyi sun tashi, gaban rigarta sharkaf. Muka sa yarinya, ta kama, can sai muka ji wannan 'yar ƙarar haɗiyar, kut, kut, kut, a hankali da tazara, wadda tun da aka haife ta ba mu taɓa ji ba, ɗaya nonon kuma yana ɗiga da kansa a kan zani. Kwana biyu ke nan cif bayan an cire guntun, kusan daidai tazarar da ake samu tsakanin haihuwa da zuwan nono, kamar jikin nata a ranar wankin cikin ya fara lissafi.

Daga nan matsalar ta juya, ya cika har ya yi wa yarinyar wuyar kamawa, sai ta ɗan tatse kaɗan bakin ya yi laushi sannan ta sa ta, in ta gama ta ɗora tsumma mai sanyi, kwana biyu ya daidaita. Fitsari ya koma shida, bakwai a yini, fari tas, kashi ya koma rawaya mai 'yan tsaba-tsaba. Madarar ba mu yanke ta rana ɗaya ba, nas ta ce a riƙa ragewa ana auna nauyi duk bayan kwana biyu-uku, haka muka yi har kwana na goma sha biyar muka ajiye kofin. Yawancin jarirai suna komawa nauyin haihuwarsu a kwana 10 zuwa 14, tamu sai a kwana na goma sha tara ta taka kilo 3.2, shawarar ta washe da kanta ba a kai ga fitila ba. Ita kuma uwar gwaji ya nuna jininta ya yi ƙasa saboda zubar da ta yi kwana da kwanaki, aka ɗora ta a kan maganin ƙarin jini na wata uku, aka ce ta dawo a sati na shida a sake duba mahaifar, kuma likita ya rubuta a katinta cewa in Allah Ya kawo wani cikin ta faɗa wa masu awo tun zuwan farko cewa mabiyiya ta taɓa saura mata, don wadda ya taɓa faruwa da ita ta fi kusa da sake samunsa.